Anti Kwafi da Masu Kiwon Zomo

Shagon Anti Kwafi bai wuce taku uku a tsaye, taku biyu a kwance ba. Yana daura da babbar ƙofar kwalejin, inda duk ɗalibin da ya fito sai ya gan shi ko bai so ba. A ciki akwai kwamfuta ɗaya, da firinta mai yin tari kafin ta tofo takarda, da injin kwafi da ba ya aiki sai an danne masa murfi da gwiwar hannu, sai benci mai ɗaukar mutum uku idan suna shiri da juna. Ita kuma tana bayan teburi, gajera, mai jiki, da tabarau mai igiya da ba ta cika dubawa ta cikinsa ba, sai dai ta samansa, musamman in ɗalibi ya fara yi mata bayani.

Ba a shago ta fara ba, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka. Shekara goma sha ɗaya ta yi a teburin gaba na wani kamfanin binciken kuɗi. Ita ke buga wasiƙu, ita ke ɗaga waya, ita ke shigar da shayi ɗakin da ake yi wa masu neman aiki intabiyu. Da aka haɗe kamfanin da wani, aka kira ta ofis aka miƙa mata wasiƙar godiya da sallama. Tana karantawa ta gane tata ce. Ita ta tsara ta shekarun baya, ta buga wa wasu irinta ba adadi, suna kawai aka canza. Ta ninke ta, ta sa a jaka, ta gaishe da kowa, ta fita. Bayan wata biyu ta sayi tsohon injin kwafi ta buɗe shago.

Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya. "Shekara sha ɗaya ina buga takarda," in ji ta, "ko waƙafi ban taɓa sa wa inda ba wurinsa ba." Maigidanta, tsohon direba da ya ajiye aiki, ya sha jin wannan magana har ya kai in ta ɗauko ta shi yake ƙarasa mata.

Duk shekara, in zango na biyu ya raba, kamfanoni kan liƙa sanarwa a allon sashen akanta cewa suna neman ɗaliban da za su je aikin sanin makama na wata uku. Daga ranar sai ka ga yaran da jiya ke yawo da silifas sun koma tafiya a hankali kamar manyan akantoci. Kowa na son sibi, wato takardar da mutum ke zayyana karatunsa da iyawarsa, kuma kowa shagon Anti yake nufa.

Akwai mai shirya su a hukumance, wani malami da ake ce wa Dakta. Dakta ya shiga kwalejin nan yana ɗan shekara goma sha takwas, kuma tun daga lokacin bai taɓa neman aiki a wajen katangarta ba. Wannan bai hana shi rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in a kan dabarun cin intabiyu ba. Anti ke yin kwafinsa duk shekara, don haka ta fi marubucin sanin abin da ke ciki. A shafi na sha biyu an ce in aka tambaye ka rauninka, ka ce kai dai matsalarka yawan aiki, ba ka iya hutawa. Saboda haka kowace shekara kamfanoni kan karɓi ɗalibai arba'in masu fama da ciwo ɗaya, cikinsu har da waɗanda ba a taɓa gani a ajin safe ba.

Anti tana da nata darasin, kyauta take ba da shi, shi ya sa ba mai saurare.

"Ku gaishe da wadda ke teburin gaba," takan ce tana danne murfin inji. "Kuna fita za a tambaye ta ya ta gan ku. Ku goge takalmi, sun fi duban ƙafa a kan kwat. Ku san me kamfanin yake yi kafin ku shiga, kada a ce me ya kawo ka nan ka ce kai ko'ina ma za ka. In ba ka san amsa ba ka ce ban sani ba, ba a taɓa dukan kowa a ɗakin nan ba. Kuma don Allah ku tofar da cingam tun daga bakin titi."

"To, Anti. Tawa ta fito?"

Amsar ke nan kullum.

Ita ma dai ba za a wanke ta tas ba. Tana da wani fayil a kwamfuta da take kira uwa. Sibi ce guda ɗaya da ta tsara tun shekarar da ta buɗe shago, kuma duk sibin da ta taɓa fita daga shagon nan 'yarta ce. Suna ake canzawa, da lambar waya, da sakamakon jarrabawa. Sauran kuwa kowa mai ƙwazo ne, kowa mai gaskiya, kowa ya iya aiki da jama'a, kowa kuma a ƙasan shafi na biyu abin sha'awarsa karatu da bincike da tafiye-tafiye.

A shekarar da abin ya faru, wani babban kamfanin binciken kuɗi ne ya ce yana son ɗalibai biyar. Saura kwana biyu a rufe karɓar takardu, wani ɗalibi ya shigo shagon sai da ya sunkuya a ƙofa. Dogo ake ce masa. Ba ya cikin masu surutu a aji, ba ya cikin masu ƙoƙari, ba ya kuma cikin na ƙarshe. Ya miƙa mata takarda rubutun hannu.

"Anti, ni tawa na rubuto."

Ta karanta ta saman tabarau har ta zo ƙasa, sai ta tsaya. "Abin sha'awa, kiwon zomo. Ɗana, kamfanin binciken kuɗi za ka ko gidan gona? Mutane karatu suke sa wa, da tafiye-tafiye."

"Ni ba na tafiye-tafiye, Anti. Daga gida sai makaranta."

"Su da suka rubuta ɗin ina suka taɓa zuwa? Masu karatun ka taɓa ganin ɗayansu da littafi in ba daren jarrabawa ba?"

Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "A dai bar mini zomona."

Ta taɓe baki. Ta buɗe uwa, ta sa sunansa, ta goge karatu da bincike da tafiye-tafiye, ta buga kiwon zomo da ƙarfi yadda zai ji madannan na kuka. Daidai nan firinta ta cije takarda, wata ɗaliba ta leƙo tana cewa tun safe take jira, injin kwafi ya fara warin ƙuna. Anti ta danna adanawa ta tashi. Maimakon ta ware wa Dogo nasa fayil, a kan uwar ta adana.

Cikin kwana biyun nan ɗalibai talatin suka biyo bayansa. Ta canza suna, ta canza lamba, ta canza sakamako, yatsunta na gudu kamar zamanin kamfani. Duk wanda ta miƙa wa tasa sai ta ce, "Duba."

"Haba Anti, aikinki ne fa, sai an duba?"

Maganar tana yi mata daɗi, ba ta taɓa cewa a'a, duba dai. Kowa ya zaro biro ya rattaba hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa duk abin da ke sama gaskiya ne. Wasu har da gwada sa hannun a bayan littafi tukuna, don ya fito irin na manya.

Ranar intabiyu Anti ta ga wucewarsu da safe. Wanda kwat ta yi wa yawa ya naɗe hannu ciki, wanda ta matse ya daina numfashi sosai. Ta san akwai kwat guda da mutum uku za su sa, an shirya za a riƙa musaya a makewayin kamfanin. Ciyaman, shugaban ƙungiyar ɗaliban akanta, shi ne a gaba da jakar hannu wadda babu komai a ciki sai caja. Ya ɗago mata hannu kamar mai kamfe.

Wajen ƙarfe ɗaya wayarta ta yi ƙara. Wata tsohuwar ƙawarta ce da suka yi aiki tare, wadda yanzu ke teburin gaba a kamfanin da ake intabiyun. Dariya ta hana ta magana.

"Mutuniyar, ashe kwalejinku gona aka mai da ita ba labari?"

"Wace irin gona kuma?"

"Ta zomaye mana! Mutum arba'in da huɗu aka kira, talatin da ɗaya duk zomo suke kiwo."

Anti ta jawo kujera gaban kwamfuta. Ta maƙale wayar da kafaɗa, ta buɗe uwa, ta gangara ƙasan shafi na biyu. Ga kiwon zomon Dogo nan zaune daram.

Ƙawar ba ta san me ke faruwa a wannan gefen ba, ta ci gaba da zuba labari, don ita ke shiga da shayi, ita ke kiran suna, ba abin da ya wuce ta. Mutum biyu ke intabiyun, babban oga da Madam mai kula da ɗaukar ma'aikata. Ita Madam tana da wata muguwar ɗabi'a da ba a saba gani ba, tana karanta sibi har ƙarshe. Tun jiya ta ware talatin da ɗayan nan gefe guda. Duk wanda ya shigo sai a yi masa tambayoyin lissafi yadda aka saba, ya amsa, ya fara sakin jiki, sannan ta ɗago kai a natse ta ce, "To, ba mu labarin zomayenka."

Na farko ya waiwaya bayansa, ya ɗauka da wani ake. Na biyu ya ce, "Wane zomo kuma, Madam?" Wani ya yi zaton irin tambayoyin tarkon nan ne da Dakta ya gargaɗe su a kai, ya gyara taye ya ce shi dai matsalarsa yawan aiki. Wata ta fashe da kuka ta ce ita ko kyanwa tsoro take ji.

"Ciyaman fa?" in ji Anti, muryarta ƙasa ƙasa.

"Mai jakar nan? Ai shi ne gwarzon ranar. Ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce yana da ɗari biyu, yana ma shirin faɗaɗawa. Madam ta ce masha Allah, wata nawa zomo ke yi da ciki? Ya ce wata tara, kamar kowa. Oga sai da shayi ya sarƙe shi."

Akwai wata yarinya da ake ce wa Kalkuleta saboda saurin lissafinta. Ita da aka tambaye ta, sai ta ce a ba ta takardar ta gani. Ta karanta tun daga sama, a karo na farko a rayuwarta, sannan ta ajiye ta ce, "Ban taɓa kiwon zomo ba. Na sa hannu a takardar da ban karanta ba. Laifina ne." Madam ta yi ɗan rubutu.

Dogo kuwa, da aka yi masa tambayoyin aji sai ya riƙa in'ina yana gumi. Ana ambaton zomo ya gyara zama. Minti ashirin ya yi yana bayani, kwana talatin da 'yan kai suke ciki, nawa uwa ke haifa, nawa ke mutuwa in an yi sakaci, yadda ya gano buhun abincin da yake saya yana ƙarewa kafin lokaci, ya bi diddigi a littafinsa har ya gane ma'aunin mai sayarwar ne ba daidai ba. Sai da Madam ta ɗaga hannu ta ce ya isa haka, akwai mutane a waje.

Anti ta ajiye waya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake duba allon kwamfuta ko zomon ya tafi. Ta yi tunanin rufe shago ta tafi gida, har ta ɗauko kwaɗo, sai ta mayar da shi. In ta gudu yau, gobe ma nan za ta dawo.

Da la'asar suka iso, taye a kwance, kwat a kafaɗa. Suka cika shagon, suka cika bakin ƙofa har kan titi. Ciyaman ya ajiye jakarsa a kan injin kwafi ya fara jawabi. Ya ce an zubar da mutuncin sashe, an yi wasa da makomar matasa, ƙungiya za ta kafa kwamiti, kuma ba za ta lamunci sakaci ba.

Da farko kan Anti a ƙasa yake, don kunya ta ishe ta. Kalmar sakaci ce ta ɗago da shi.

"Ɗauke jakarka daga kan injina," ta ce. Ya ɗauke. "Kuskure nawa ne, ban musa ba, ku yi haƙuri. Duk mai so in sake buga masa kyauta. Amma guda ɗaya na yi. Ku talatin kuka sa hannu. Na ce duba ko ban ce ba?"

Ta bi su da kallo ta saman tabarau, ta ɗora.

"Shekara uku ana koya muku bin takardun mutane layi layi ku gano inda aka yi cuwa-cuwa. Ga shafi biyu, da sunanku a sama, an sa muku dabba a ciki ba ku gani ba. Da giwa ce ma haka za ku sa hannu. Kai kuma Ciyaman, ni na rubuta zomo, amma ɗari biyu da wata tara daga bakin wa suka fito?"

Wani a baya ya tuntsire da dariya, sai ta kama kowa. Ciyaman ya ce za a ji daga ƙungiya, ya fita. Ba a taɓa ji ba.

A gida ta ba maigidanta labari a tsakar gida yana wanke ƙafa. Ya saurara har ƙarshe da fuskar jimami, sannan ya ce a hankali, "Ai dai ba waƙafi ba ne, Maman yara. Wannan har yanzu ba ki taɓa ba." Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Bayan mako biyu aka liƙa sunaye biyar a allo. Biyu daga ciki ba wanda ya gan su ranar intabiyu. Ɗaya ɗan ƙanwar oga ne, ɗaya kuma 'yar wani babban abokin hulɗar kamfanin. Wannan bai ba Anti mamaki ba, ta sha buga irin waɗannan wasiƙun tun kafin a fitar da sanarwa. Na uku Dogo, ta huɗu Kalkuleta. Na biyar ne ya sa ta ɗauki waya.

"Ƙawata, Ciyaman? Mai wata tara?"

"Wallahi Madam ta ƙi, har da buga teburi. Oga ya ce a'a. Ya ce yaron da zai kalli tsakiyar idonsa ya faɗi wannan magana bai yi gumi ba, shi za a riƙa turawa ya gaya wa masu jiran rahoto cewa aiki ya kusa ƙarewa."

Dakta bai bari abin ya wuce shi ba. Kafin zango ya ƙare littafinsa ya ƙaru da shafi shida, sabon babi a kan muhimmancin karanta sibi kafin sa hannu, inda ya nuna cewa ya daɗe yana jan kunnen ɗalibai a kan haka. Anti ta san shafi arba'in ɗin nan kamar tafin hannunta, ba inda aka taɓa faɗin haka. A aji kuma ya riƙa kiran ta da wata mai shago da ba ta da ilimin abin. Kwafin littafin ma ya daina kawo mata.

Ita kuwa ta goge uwa gaba ɗaya. Ta kafa doka, ba takardar da za ta fita daga firintarta sai mai ita ya tsaya ya karanta ta da baki, daga suna har sa hannu, tana ji. A shekarar da ta biyo baya wani saurayi ya buɗe shagon kwafi jikin nata, bango ɗaya ya raba su. Labari ya riga ya juye a bakin sababbin ɗalibai, wai duk waɗanda aka ɗauka bara masu zomo ne, don haka zomo sa'a ne. Saurayin ya rubuta a kwali cewa ana yin sibi mai zomo, a jira minti biyar. Layi ya koma can. Wasu ma har suna neman a sa musu agwagwa don su bambanta.

Kalkuleta ta zauna a kamfanin bayan ta gama karatu, kuma takan tsaya ta gaishe da Anti in ta biyo ta hanyar. Dogo ya yi wata ukunsa, aka ce ya dawo bayan jarrabawa, ya yi godiya ya koma bayan gidansu ya ƙara keji. Ciyaman ya yi gaba da sauri. Yanzu in ana intabiyu shi ma yana cikin masu zama a bayan teburi, kuma an ce ba abin da ya tsana irin ɗalibi maƙaryaci.

Anti Kwafi tana nan a shagonta. Bencin ya daina cika, amma ba ya rasa mutum ɗaya ko biyu. Kwanan baya wani ɗalibi ya tsaya gabanta yana karanta tasa da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan kalmomin da shi ya kawo su. Ya zo inda aka ce ya ƙware a manhajar lissafi ta kwamfuta.

"Tsaya," ta ce. "Ka iya?"

"Na dai taɓa ganin ta a buɗe, Anti."

"To, me zan rubuta?"

"Ki bar shi haka mana. Kowa ma haka ya sa."

"In suka juyo maka da kwamfuta suka ce bismillah fa? Zauna nan in nuna maka. Awa ɗaya yau, awa ɗaya gobe, ka samu abin faɗa."

Ya dubi agogon wayarsa, ya dubi ƙofa. Ya ce bari ya je ya dawo, yana da aji. Ba a yi minti biyar ba ta ji firintar maƙwabci tana aiki ta cikin bango. Ta gyara tabarau, ta dubi yarinyar da ke zaune a kan benci riƙe da takardarta.

"Taso, 'yata. Fara daga sunanki."